Jakar Baya ta Hagu

Man suya ne ya fara tona asirin. Verna Holcomb ta ɗora kaskon ƙarfe a wuta da safe, ta zuba mai, sai man ya gangara ya taru a gefe guda, ƙwan da ta fasa ma ya bi shi. Ƙofar banɗaki, wadda jiya da yamma take tsayawa duk inda aka bar ta, ta buɗe kanta a hankali ta je ta bugi bango.

Ta ce, "Emmett, gidan ya sake kwantawa."

Mijinta yana zaune a kujerar direba, ya juyo da ita ta fuskanci ɗaki, ya ɗage riga yana laluben inda fatar cikinsa ba ta yi tauri ba don ya soka allurar safe. Bai ko ɗago ba.

"Ba laifi, tsohuwa. Bari in sha kofi in tashe shi."

Shekara tara ke nan wannan doguwar motar ita ce gidansu, tun da suka rabu da na bulo a Toledo. A cikinta gadonsu yake, da kicin, da banɗaki, da hotunan jikoki a manne jikin kabad. Duk hunturu sukan gangaro hamadar Arizona, bayan garin Quartzsite, su kafa tare da dubban tsofaffi irinsu masu gudun ƙanƙara. Bana sun makara, domin Emmett ya kwanta asibiti a farkon Disamba. Kafin su iso an cinye duk shimfiɗaɗɗen wuri, sai bakin wani busasshen kwari suka samu, tsakuwa ce zalla, ƙasar ta zube wajen hagu.

Wannan ba ya hana zama. Motar a kan jakunkunan roba huɗu take, cike da iska, ɗaya a kowace kusurwa, kuma kowace jaka da maɓallinta kusa da sitiyari. In ƙasa ta karkace sai a ƙara wa ɓangaren da ya yi ƙasa iska har gidan ya miƙe. Aikin mutum biyu ne, kuma sun iya shi. Emmett a maɓallai, Verna a durƙushe gaban firiji da ɗan lebur ɗinta, ma'aunin karkata irin na magina, mai ruwan ɗorawa, ta ajiye shi a ƙasan firijin tana kallon ƙwayar iskar da ke yawo a ciki.

"Baya ta hagu. Ƙara. Ƙara. Kaɗan kuma. Tsaya."

Injin hura iska ya yi ta ƙugi a ƙarƙashin daɓe, gidan ya ɗago yana ƙara kamar tsohon da ke miƙewa daga kujera, ƙwayar ta dawo tsakanin layuka biyu.

Emmett ya ce, "Kin gani? Minti uku."

"Jiya ma minti uku ne. Shekaranjiya ma."

"To ai kin ga na iya ke nan."

Jakar baya ta hagu tana zurara. Tun Fabrairu ta fara, sati guda kafin gidan ya kwanta, daga baya kwana uku, yanzu kuma kowace safiya. Ba ƙwai ko ƙofar banɗaki ne damuwar Verna ba. Firijin motar zama ba shi da inji, ɗan harshen wutar gas ne ke dafa wani ruwa a bayansa, ruwan ya hau bututu ya gangaro da nauyin kansa. In gida ya karkace ruwan sai ya tsaya ya daskare a bututun, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da firijin zai mutu, kuma irin mutuwar da ba a gyarawa. A jikin ƙofar firijin kuwa akwai kwalaben insulin na Emmett, maganin ciwon sukarinsa, na wata uku, waɗanda inshora ta bayar, ta kuma ce kada a sake zuwa sai Yuni. Ga shi Maris ya kusa ƙarewa. Da tsakar rana cikin motar kamar tanda. In maganin nan ya dafe, sukarin jinin Emmett zai hau, kuma ta ga abin da hawan ya yi masa a Disamba.

Ƙarfe huɗu na yamma kowa ya ɗauki kujerarsa ta naɗewa zuwa rumfar Rufus Tackett, kamar kullum. Rufus tsohon mai gyaran famfo ne daga Kentucky, ƙato, mai dariyar da ake ji har bakin titi. Matarsa Glenda ta fito da gyaɗa da giya mai sanyi. Aka taɓa zancen gwiwoyi, aka taɓa na gwamnati, aka zagi wani sabon zuwa da ya bar janareto yana kuka lokacin barcin rana. Verna ta jira har hira ta lafa.

"Rufus, ka san matar nan Ybarra mai garejin bayan gidan mai? An ce tana zuwa har nan ta yi gyara."

"Me ya lalace?"

Emmett ya riga ta. "Babu abin da ya lalace. Jakata ɗaya ce take ɗan numfashi, shi ne madam ta ɗaga hankalinta."

Rufus ya tuntsire da dariya. "Wai numfashi. Tawa ta gaba tun shugabannin ƙasa biyu da suka wuce take yi. Verna, a shekarunmu wa ba ya sakin iska cikin barci? Tambayi Glenda."

Glenda ta ce, "Ni kada ka sa ni a ciki, ƙazami."

Aka yi ta dariya, har da masu tari. Wani mai hular sojan ruwa ya ce shi in ƙwayar lebur ba ta fita layi da fiye da rabi ba, ba ya ko tashi daga gado. Wani ya ce shi da gwangwanin giya yake awo, in bai mirgina daga tebur ba, gida ya miƙe.

Verna ta ce, "Maganinsa yana cikin firijin."

Rufus ya ce, "Irin firijin nan ya fi mu taurin rai. Ba laifi, maƙwabciya. Ci gyaɗa."

Ba laifi. Da za a kafa wa wannan sansani allo a bakin hanya, abin da ya kamata a rubuta ke nan. Mutane ne da suka yi shekara arba'in suna tashi da asuba, suka gina wa wasu gidaje, suka ja wa wasu kaya, suka ƙare a kan tsakuwa cikin akwatin ƙarfe, kuma suka sa wa abin suna 'yanci. Wanda ya iya haɗiye wannan, me zai hana shi haɗiye jakar da ke zurara? Rufin da ke ɗiga, ba laifi. Tayar da ta tsattsage, ba laifi. Ƙafar da ta daina jin zafi, ba laifi. Sun mayar da haƙuri abin taƙama, duk wanda ya ce a gyara sai a kalle shi kamar ya zagi kowa.

Emmett ya gyara zama ya ce, "Shekara talatin da takwas ina jan tirela a kan iska. Ba wata yarinya da za ta zo ta koya mini jakata."

Verna ta naɗe kujerarta ta koma gida tun rana ba ta faɗi ba.

Kwana biyu bayan nan man shanu ya yi laushi a firiji. Ta ƙara ƙarfin wutar firijin. Rana ta uku madara ta tsinke a cikin kofin Emmett, farare-farare suna yawo a saman kofi. Ta buɗe firijin ta ɗora tafin hannu a bangon ciki. Sanyin bai fi na tulu ba. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta wajen taga. Ruwan yana nan garau, amma ita ba likita ba ce, ba ta san ranar da zai daina aiki ba, kuma ba zai gaya mata ba.

Ta je wurin Glenda ta roƙi ƙanƙara, ta jera kwalaben a kula, ta naɗe su da tawul. Da ta dawo Emmett yana tsaye a ƙofa.

"Kin je kin gaya musu."

"Na je na roƙi ƙanƙara."

"Duk ɗaya ne. Kafin ƙarfe huɗu kowa ya ji Holcomb ya kasa riƙe gidansa a miƙe."

"To ka iya ne?" Muryarta ba ta tashi ba. "Wata biyu kana tashinsa yana kwantawa. Ni ce na zauna a kujerar asibitin nan kwana shida, Emmett, kai ba ka ma san inda kake ba. Kana kirana da sunan mahaifiyarka. Ba zan sake ba. Yanzu zan hau tudun can inda waya ke kamawa in kira matar nan, ko ka so ko ka ƙi."

Kunnuwansa suka yi ja. Sannan ya juya ya zauna a kujerar direba, ya tayar da mota, ya danne maɓallan baya biyu, bai saki ba sai da gidan ya ɗaga iyakar ɗagawarsa, har kofuna suka zame a kan tebur. Ya kashe mota. Ya zuba ruwan sabulu a kwalbar feshi, ya ɗauki sifana, ya yago kwali.

Ta bi shi waje. "Me za ka yi?"

"Abin da kike so. Zan nemo inda take zurara in ɗaure."

"Sai ka sa katako tukuna."

Tana faɗa ta tuna. Motar ta zo da gumagumai shida na katako mai kauri, waɗanda ake jerawa ƙarƙashin ƙarfen mota kafin mutum ya shiga, domin iska ba abin jingina rai ba ce. Kowa a sansanin ya san wannan, kowa yana iya karanta wa baƙo shi. A Janairu, wata yamma mai sanyi, itace ya ƙare a wutar Rufus ana tsakiyar waƙa, Emmett ya tashi ya kwaso su. Ya ce shekara tara yana yawo da su suna sha masa mai, ko sau ɗaya bai taɓa amfani da su ba. Aka yi masa tafi. Katakon ya ci da kyau, har Verna ma ta miƙa hannu ta ji ɗumi.

"Bari in aro na Rufus."

"Ki je ki ƙara ba su abin dariya? Minti biyu ne. Ko taɓa jakar ba zan yi ba, dubawa kawai."

"Emmett."

"Ba laifi, Verna."

Ya shimfiɗa kwalin bayan taya, ya kwanta da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya ja jiki ya shige har sai ƙafafunsa kaɗai suka rage a waje, da takalmansa masu maɗaurin manne saboda yatsunsa sun daina iya ɗaure igiya. Ta tsaya a kansu ta harɗe hannu. Ta yi tunanin ta ruga wurin Rufus duk da haka. Ta kuma yi tunanin fuskar mijinta in ya fito ya tarar da maza a tsaye. Sai ta tsaya. Wannan tsayuwar ce za ta riƙa dawo mata.

Tana jin feshin, fis, fis.

Muryarsa ta fito daga ƙasa, da fara'a a ciki. "Ga ɓarauniyar nan. Ba jakar ba ce ma, mahaɗin bututu ne. Zo ki ga kumfa. Wata biyu kina ci mini rai a kan abin da bai kai babban yatsa ba."

"To ka gani, fito."

"Juyi ɗaya zan yi masa."

Ta ji sifana ta kama. Ta ji ya yi nishi. Sai wani abu ya ce ɓas, iska ta kwance da ƙara mai tsawo, ƙura ta fito daga ƙarƙashin motar ta rufe mata idon sawu. Gidan bai faɗo ba. Zama ya yi a hankali, ta kusurwar hagu, kamar yadda yake yi kowane dare, sai dai abin da yake ɗaukar awa goma yau ya yi shi cikin numfashi uku. Ƙafafun Emmett suka miƙe, suka harba tsakuwa.

Ba ta san yadda ta hau matakala ba. Ta murɗa makulli, ta danne maɓallin baya na hagu da hannu biyu. Injin ya ɗauki ƙugi, allurar awo ba ta motsa ba. Iskar tana shiga tana fita ta karyayyen bututun. Ta ɗora gwiwar hannu a kan ham ta bar shi yana kuka.

Rufus ne ya fara isowa, ba riga, ya leƙa ƙasa, ya koma da gudu irin na mai shekara saba'in da biyar, ya dawo rungume da jak. Wasu suka biyo shi. Glenda ta hau tudu da waya. Verna ta sauko ta kwanta a tsakuwa ta miƙa hannu har ta kama nasa.

Ya ce, da wata ƙaramar murya da ba ta san shi da ita ba, "Kashe injin. Ƙasa yake watso mini a ido."

Wani ya hau ya kashe.

Rufus ya kafa jak ƙarƙashin ƙarfen yana bugawa. Kan jak ɗin ya taɓa ƙarfe, ya kama, sai gindinsa ya fara nutsewa cikin tsakuwa. Yana bugawa yana nutsewa.

"Katako. A ba ni katako in ɗora shi."

Maza takwas a tsaye, duk masu motocin iska. Suka kalli juna. Mai hular sojan ruwa ya ce nasa yana can ƙasan kaya, sai an sauke kekuna. Wani ya ce nasa na roba ne. Wani ya ruga ya kawo allon yanka albasa, jak ya raba shi biyu a bugu na huɗu.

Wani ya ce, "Kai Rufus, naka fa?"

Rufus bai ɗago ba. "Na yi teburin gasa nama da su."

Verna ta saki hannun, ta shiga gida, ta ɗauko kaskon ƙarfen daga kan murhu da sauran man safe a ciki, ta kife shi a kan tsakuwa. Aka ɗora jak. Kaskon ya riƙe. Ƙarfen motar ya ɗaga faɗin yatsa, ya ɗaga biyu, ya ɗaga huɗu, aka kama ƙafafun aka ja shi waje a kan kwalinsa.

Babu jini. Rigarsa ce kawai ta shiga ciki a inda bai kamata riga ta shiga ba. Idonsa a buɗe, cike da ƙura, Verna ta sa gefen rigarta tana share masa. Motar asibiti ta yi minti talatin da biyar kafin ta gama ratso ramukan hanyar. Samari biyu daga cikinta suka durƙusa a kansa suna ta sauri, suna kiran lambobi, daga baya suka daina sauri.

Ranar Alhamis Ybarra ta zo, domin dole motar ta tashi kafin 'yar Verna ta iso daga Toledo ta tuƙa ta. Gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, ba yarinya ba. Ta yi gaisuwar mutuwa a taƙaice. Abin da ta fara saukewa daga akori-kurarta gumaguman katako ne, baƙaƙe da mai, ta jera su, ta girgiza su da ƙafa, sannan ta shiga. Ba ta yi rabin awa ba ta fito, ta miƙa wa Verna ɗan guntun tagulla da ya dare.

"Shi ke nan abin, uwa. Na sa sabo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ybarra ta hau ta zauna a maɓallai, Verna ta durƙusa gaban firiji da lebur, don babu wanda zai yi sai ita. Ta ce ƙara, ta ce kaɗan kuma, ta ce tsaya. Ƙwayar ta zauna tsakanin layukan. Ybarra ta kunna wutar gas ta ce a ba shi awa shida a gani. Kafin la'asar bangon ciki ya yi raɓa, ya fara kama yatsa. Firijin bai mutu ba. Verna ta fito da kwalaben daga kula ta jera su a ƙofar, ɗaya bayan ɗaya, ta rufe. Sai da ta rufe ta tsaya tana kallon ƙofar.

Ƙarfe huɗu ta je rumfar Rufus ba tare da kujera ba. Aka miƙe mata, Glenda ta rungume ta. Mai hular sojan ruwa ya ce Emmett ya san aikinsa, tsautsayi ne kawai. Wani ya ce in kwana ya ƙare ko a gado ne sai an tafi. Rufus ya ce mutumin kirki ne, ya tafi yana yi wa iyalinsa aiki, ba kowa ke samun haka ba. Kowa ya gyaɗa kai. Har sun fara jin daɗin maganar.

Verna ta wuce su ta hau matakalar motar Rufus, ta ajiye lebur a kan daɓe, a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Ƙwayar ta gudu ta ƙetare layi ta je ta maƙale a ƙarshen gilashin.

Rufus ya sosa wuya. "Da safe nake tashinta, Verna. Minti uku ne."

Ta ɗauki lebur ɗinta ta sa a aljihu.

Washegari ta farka gidan yana miƙe, ƙofar banɗaki tana inda ta bar ta. Ta dafa kofi ɗaya. Ba ta soya ƙwai ba, kaskon ya lotsa a tsakiya. Tana zaune a bakin taga, wajen ƙarfe bakwai, ta ji injin iskar Rufus ya tashi. Can gaba na mai hular sojan ruwa ya amsa. Sai wani a hayin kwarin, sai wani bayansa, har ƙugin ya cika sansanin, kowa yana tayar da gidansa da ya kwanta.